Neman kalma: me za mu ce wa "deterrence" da Hausa?

Malamin Tattali: Salamu alaikum. Ran Litinin zan gabatar da darasin tattalin arzikin tsaro ga ɗaliban digiri na biyu a nan Jos, kuma gidan rediyo na son taƙaitawa da Hausa. Kalmar "deterrence" ce ta gagare ni. A fanninmu nufinta ka sa abokin gaba ya yi lissafi da kansa, ya ga asarar kawo hari ta fi ribarsa, ya fasa tun ba a harba harsashi ba. Ina son kalmar da za ta karɓi ƙari a bayanta, don iri biyu ce.

Mai Fassara: Wa alaikumus salam, Dakta. Tsoratarwa. In ana son mai nauyi, razanarwa.

Hafsan Soja Mai Ritaya: Tsoro kaɗai bai kai ba. Ƙafa uku abin yake da su: ƙarfin, da yardar abokin gaba cewa za ka yi amfani da shi, da isar masa da saƙon. Jiragen Super Tucano 12 da Najeriya ta saya daga Amurka, waɗanda suka fara isowa a 2021, ƙafa ta farko ce kawai. In ɗan bindiga ya san jirgi ba zai iso ba sai ya gama ya shige daji, kuɗin bai sayo komai ba a wannan babin.

Malamin Tattali: Haka ne, ranka ya daɗe. Ga misalin da nake bai wa ɗalibai a allo. Mahari na sa ran naira miliyan 10. In aka cim masa zai yi asarar miliyan 50, amma yiwuwar hakan ɗaya ce cikin goma. A lissafinsa asarar miliyan 5 ce, don haka zai zo. Ninka hukuncin zuwa miliyan 100, ka kawo shi kunnen doki ne kawai. Amma ka kashe kuɗin a leƙen asiri da saurin kai ɗauki har yiwuwar ta kai uku cikin goma, asarar ta zama miliyan 15, sai ya fasa. Inda lissafin ke rushewa shi ne mutumin da ba da naira yake auna ransa ba.

Baban Unguwar Rogo: Duk wannan Bahaushe ya gama shi tuntuni: tauna tsakuwa don aya ta ji tsoro. Ku rubuta "taunar tsakuwa", a wuce wurin.

'Yar Rediyo: Baba, a iska kam za ta zauna daram. Mai sauraro ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Mai Fassara: To a haɗa ta mu gani. "Taunar tsakuwar nukiliya"? "Kasafin taunar tsakuwa"? Ɗalibi zai yi dariya a jarrabawa. Larabawa suna da "rad'u", mu ara kamar yadda muka ari siyasa da hukunci.

Baban Unguwar Rogo: Aro kuma? Kullum sai mu tsallake rumbunmu mu je bara. Siyasa ta shekara ɗaruruwa a bakinmu, wannan kuwa ko malamin zaure sai ya buɗe ƙamus.

Mai Fassara: Baba, da girmanka, daidaitacciyar Hausa ba a kasuwar Taminus ake yanke ta ba. A tambayi masana a Kano.

'Yar Rediyo: Malam, ka fara ke nan. Cibiyar nazarin manufofi da dabaru tana Kuru tun 1979, nan bayan Bukur, ba a Kano ba. In ana maganar tsaro, Jos ba 'yar rakiya ba ce.

Mai Fassara: Hajiya, ku fara raba "ya" da "ta" tukuna.

'Yar Rediyo: Mu da muke watsa labarai kullum? Allah ya ba ka haƙuri.

Hafsan Soja Mai Ritaya: A dawo kan aiki. Karin maganar Baba ta kama ƙafa ta uku ce, wato nuna ƙarfi, kamar faretin makamai ko atisaye a bakin iyaka. Ta bar iri na biyu, inda ba ramuwa kake alkawari ba, toshe nasarar kake yi: ganuwa, shingen bincike, garkuwar makamai masu linzami. Ni zan ce "hani". Hanin ramuwa, hanin toshiya. Sashe na 5 na yarjejeniyar ƙawancen tsaro na NATO ta 1949 hanin ramuwa ne: taɓa ɗaya, taɓa duka. Kuma kada a haɗa shi da abin da masanin tattalin arziki Thomas Schelling ya ware a 1966, wato sa mutum ya janye abin da ya riga ya yi, irin matsin da Amurka ta yi wa Tarayyar Sobiyet ta kwashe makamanta daga Kyuba a 1962. Wannan tursasawa ce.

Baban Unguwar Rogo: Hani na liman ne, umarni da hani. Ina lissafin da Dakta ya yi a ciki?

Malamin Tattali: Baba ya kama ni a nan. Zan sa "dabarar hani" a rubuce, da rassanta biyu, in bayyana lissafin a sakin layi na farko. A rediyo Hajiya ta buɗe da karin maganar.

Baban Unguwar Rogo: Rubuta abinka. Ɗalibanka dai tsakuwar za su tuna.

Mai Fassara: Ban yarda da "toshiya" ba, tana kama da toshiyar baki. A bar wannan reshen a buɗe zuwa Lahadi.