Yaya ake ɗaukar hoton shirwa a daidai lokacin da ta kawo sura?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum. Wata uku ke nan ina zuwa bayan mayankar garinmu da sassafe, inda shirwa ke taruwa saboda guntattakin naman da mahauta ke zubarwa, ina neman hoton ɗaya a daidai lokacin da ta naɗe fukafukai ta kawo sura. Gilashin kyamarata mai milimita 300 ne. Abin da nake komawa gida da shi kullum, ko dai tsuntsuwar ta fito dishi-dishi, ko ta fito baƙa ƙirin a tsakiyar farin sama, ko kuma in tarar wutsiyarta kaɗai na samu a gefen hoton. Ina roƙon waɗanda suka riga ni a wannan sana'a su nuna mini inda nake kuskure.

Mai Hoton Kasuwa:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Dishi-dishin nan daga saurin ƙiftawar kyamara yake, domin idan ka bar ta ta zaɓa da kanta, ba ta san abin da ke gabanta yana gudu ba. Ka sa shi da hannunka a kan kashi 1 cikin 2000 na daƙiƙa, ka buɗe ƙofar haske zuwa f/5.6, sannan ka bar ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ya hau yadda ya ga dama. Hoton da ya ɗan yi tsaki-tsaki ana iya gyara shi a kwamfuta, amma wanda ya yi dishi-dishi sai dai a goge shi. Ka kuma mayar da saitin gani zuwa mai bin motsi, wanda Nikon da Sony ke kira AF-C, Canon kuma AI Servo, ka danne maɓalli ta riƙa ɗauka a jere. Baƙin da take yi kuwa hasken sama ne ke yaudarar kyamarar har ta rage haske, don haka ka ƙara haske mataki ɗaya, ka kuma ba rana baya.

Malamin Fadama:
Duk abin da Mai Hoton Kasuwa ya faɗa daidai ne, sai dai bai taɓo batun wutsiya ba, kuma a ganina nan ne matsalar take. Wanda ya jira sai ya ga sura sannan ya ɗaga kyamara ya riga ya makara. Na shafe lokutan hunturu da dama ina zuwa Dagona, a dausayin Hadejia da Nguru da ke Jihar Yobe, lokacin da tsuntsayen Turai ke sauka, kuma babban abin da na koya shi ne tsuntsu yana tashi yana kuma sauka ne yana fuskantar iska, kamar jirgin sama. Idan iska na bugun ƙeyarka, to fuskarsa za ka samu, kuma saurinsa zai ragu yayin da yake nufo ka.

Ita shirwa tana da alama. Kafin ta sauko takan yi shawagi a kan wuri ɗaya, tana murɗa wutsiyarta mai baki biyu hagu da dama, kanta a sunkuye. Da zarar ta karkata jiki ta ɗaga fiffike ɗaya sama, saukowa za ta yi. Ka zaɓi guda ɗaya tun tana can sama, ka bi ta da idanu biyu a buɗe, ka rabu da sauran ko da sun fi ta kusa. Shawarata ita ce ka yi kwana biyu kana zuwa ba tare da kyamara ba. Kada kuma ka cika jawo ta kusa, ka bar mata fili a gaba inda za ta faɗa, daga baya ka yanke hoton.

Hajiya Mai Hoton Hawa:
Ni dawakai nake ɗauka a hawan sallah, kuma ina da ɗan ja da maganar 2000. Tun a 1878 Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a Palo Alto da ke Amurka ya nuna cewa doki mai sukuwa yakan ɗauke kofatansa huɗu daga ƙasa gaba ɗaya, kuma tun daga nan mutane suke ɗokin daskarar da motsi. Amma tsuntsun da aka daskarar ƙam wani lokaci kamar na roba yake fitowa. Ni nakan rage zuwa 1 cikin 60 in bi dokin da kyamara daga ƙugu, sai kansa ya fito tangaram, jama'ar da ke bayansa su zama zane-zane. Ka gwada wannan da balbela idan suna komawa makwanci da yamma, tunda tafiyarsu a miƙe take, ka fara daga 1 cikin 250. Mafi yawan hotunan za su lalace, kada hakan ya dame ka.

Sabon Shiga:
Allah ya saka muku da alheri. Na je jiya da yau hannu rabbana kamar yadda Malamin Fadama ya ce, sai na gane cewa wata ukun nan ina tsayawa ne a yammacin juji, rana a idona, iskar gabas kuma tana tilasta musu juya mini baya. Na ga karkatar da ya ambata har sau shida, kuma sau huɗu na faɗi wadda za ta sauko kafin ta sauko. Gobe zan koma gefen gabas, kusa da inda ake shanya fatu, idan masu wurin sun ba ni izini. Hajiya, a 1 cikin 250 ɗin, da hannu kike riƙe kyamarar ko kina ɗora ta a kan ƙafar kyamara?