Maganin gargajiya da cimar maza da mata: abin da aka tattauna a Zariya

A wata hira da aka yi a Tudun Wada, wadda ta haɗa malaman asibiti da matan aure da 'yan kasuwa, an fi daɗewa a kan magungunan kwalba, wato na basir da na ƙarfin maza da kayan mata. Shawarar farko ita ce a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, duk da cewa rajista ba ta nufin maganin yana warkarwa. An sha gano sinadarin Viagra a cikin wasu na maza, kuma haɗa shi da wasu magungunan zuciya na iya sa jini ya sauka ƙasa sosai har ya zama haɗari. Mai zuwa asibitin koyarwa na ABU da ke Shika ya gaya wa likita duk abin da yake sha, har da zoɓo, don shi ma yana rage hawan jini.

Kunun kanwa ya jawo gardama. Iyaye mata sun kare shi, amma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta yawan kanwa da wankan jego da ciwon zuciya bayan haihuwa. A ganina ragewa ta zama dole.

Da aka zo kan cima sai aka yi dariya: maigida na cin tsire a waje, uwargida na kankare tukunya. Alhali ita ce ta fi buƙatar sinadarin ƙarfe, kusan miligiram 18 a rana, namiji kuwa 8. Don haka a ajiye mata hanta da wake da zogale, ta kuma jinkirta shan shayi bayan cin abinci, domin yana hana jiki tsotsar sinadarin.