Dodo muka zo kallo ko mutane?

Nura: Salamu alaikum. Jiya na sake kallon Godzilla na 2014, raina ya ɓaci kamar ranar farko. Fim na awa biyu, amma in ka tattara duk inda dodon ya fito, wajen minti goma ne kacal. A filin jirgin saman Honolulu ya iso, kyamara ta taso daga ƙafarsa har kai, ya yi ruri tsikar jikina ta tashi, sai kawai aka yanke, aka kai mu ɗaki wani yaro na kallon faɗan a talabijin. Ni dai na yanke hukunci: mutanen da ake cusawa a fim ɗin manyan dodanni ɓata lokaci ne. A ba mu dodo, a ba shi gari ya rusa, shi ke nan.

Bashir: Wa alaikumus salam. Ƙanena, haushinka na gane, amma ka yi kuɗin goro. Laifin fim ɗin shi ne kashe mutumin da ya riƙe mu, uban nan da Bryan Cranston ya fito a matsayinsa, wanda da hannunsa ya rufe ƙofa a kan matarsa a tashar nukiliya. Tun ba a kai rabi ba ya mutu, aka bar mu da ɗansa soja wanda ba ka jin komai a kansa.

Halima: Kuma ai an ba ka abin da kake so a Godzilla na 2019, Nura. Ga Ghidorah mai kai uku, ga Mothra, ga Rodan. Duk aka dulmiya su cikin duhu da ruwan sama. Sau biyu na ƙure hasken wayata, ban gane wa ke dukan wa ba.

Nura: Wannan laifin haske ne, Anti Halima. Faɗan Godzilla da Kong a Hong Kong a fim ɗin 2021 fa? Tar ake ganin komai. Wa ya tuna sunan mutum ɗaya a ciki?

Malam Idi: Ku bari in sa baki, don na girme ku a kallon nan. Nura, Godzilla daga makoki aka haife shi. Ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada bom ɗin haidurojin a tsibiran Bikini, tokarsa ta zuba a kan wani jirgin masunta na Japan mai mutum 23. Duk suka kamu da ciwo, mai kula da rediyon jirgin ya rasu a Satumba. A Nuwamba kamfanin Toho ya fitar da fim ɗin Ishiro Honda, shekara tara kacal bayan Hiroshima da Nagasaki, kuma da ƙonewar jirgi a teku ya buɗe. Dodon mutum ne, Haruo Nakajima, cikin rigar roba mai nauyin kusan kilo 100 yana tattaka ƙananan gidajen da aka ƙera. Yaron yau zai iya ganin ɗinkin rigar. To me ya sa har gobe fim ɗin ke danne zuciya? Akwai uwa da ta rungume 'ya'yanta a gefen titi wuta na tahowa, tana faɗa musu sun kusa tarar da babansu. Akwai asibiti cike da mutane a ƙasa, likita na kara na'urar auna guba a jikin yaro. Cire waɗannan, abin da zai rage maka mutum ne cikin roba. Da Amurkawa suka sake yanka shi a 1956 suka saka Raymond Burr, yawancin zancen bom ɗin suka zubar, kuma da ka kalli biyun za ka ji bambanci.

Nura: Allah ya ƙara girma, Malam, ban musa ba. Amma wannan fim ɗaya ne cikin sama da talatin.

Bashir: Biyu dai, in ka sa Godzilla Minus One na 2023.

Halima: Uku. Shin Godzilla na 2016 kusan rabinsa taron jami'an gwamnati ne, daga wannan ɗaki zuwa wancan, kowa na jiran sa hannun na sama da shi, dodo kuwa na ta jan ciki a titi. Mutanen Japan sun gane hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima na 2011 ake nufi. Ni ban taɓa zuwa can ba, amma jinkirin nan ya fi dodon tayar min da hankali.

Bashir: Bari in tsaya a kan Minus One. Matuƙin jirgin yaƙi da aka tura ya je ya mutu, ya ji tsoro ya ce jirginsa ya samu matsala. Ya dawo Tokyo iyayensa sun ƙone, ya tsinci kansa da wata mata da jaririyar da ba tasu ba. Saboda ka san su, da Godzilla ya biyo ɗan jirgin katakon nan a teku, numfashi ma kasa yi na yi. Kuɗin fim ɗin bai kai dala miliyan 15 ba, mutum 35 suka yi aikin kwamfutarsa, ya ci Oscar a 2024, karo na farko a tarihin Godzilla.

Nura: Yaya Bashir, to amsa min wannan. A fim ɗin Godzilla da Kong na 2024 akwai dogon wuri da Kong ke ƙarƙashin ƙasa cikin birai 'yan uwansa, babu mutum, babu magana. Nan ne ya fi ko'ina daɗi.

Halima: Saboda sun mayar da Kong mutum ne! Ciwon haƙori yake yi, kaɗaici na damunsa, ya samu ɗan biri ya riƙe. Dubi Godzilla a fim ɗin kuma, ya koma ruwan hoda, yana sheƙa gudu kamar ba shi da nauyi. Sun ragargaza Rio da rana tsaka, ba a nuna mana ko mutum ɗaya yana neman ɗansa ba. Sai na ji kamar kwali ake rusawa.

Malam Idi: Nauyin nan shi ne Pacific Rim na 2013, fim ɗin manyan mutum-mutumin ƙarfe masu yaƙar dodanni, ya iya. Kafin a ɗaga hannu a kai naushi sai ka ƙirga, ruwa na zuba daga jikin ƙarfe. Na biyunsa a 2018 ya yar da wannan, ban iya gama shi ba.

Nura: A kan nauyi mun haɗu. Gudun nan ni ma ya ƙona min rai, shi ne dai ciwon Godzilla na 1998, ƙaton ƙadangare mai ɓuya a lungunan New York har makami mai linzami ya kashe shi a kan gada. Amma ban janye ba. In marubuci ba zai iya irin Minus One ba, kuma yawancinsu ba za su iya ba, gara ya rage surutu ya bar ni da dodona.

Halima: Minus One ɗin ma ina da ƙorafi. Noriko, matar nan, ta tura matuƙin lungu a unguwar Ginza, iskar fashewar ta kwashe ta a gabanmu, na yi kuka na gama, sai ga ta a gadon asibiti a ƙarshe. Na ji kamar an karɓe min kukan.

Bashir: Koma ki duba wuyanta a wurin nan, Halima. Akwai baƙin tabo yana hawa.

Halima: Wallahi ban lura ba. Yau da dare zan sake kallo.