Madubin bindiga ya ƙi saiti, ina matsalar take?

Ɗan Zariya:
Salamu alaikum. An ɗora sabon madubin hange a kan bindiga mai lasisi, amma a filin gwaji harsashi ko kwalin ba ya taɓawa a mita 100. Ta ina ake farawa?

Baba Maharbi:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi nisa da wuri. Dawo mita 25 da babban kwali. Tabbatar babu harsashi a ciki, zare sakatar baya, ka kwantar da bindigar a kan buhunan yashi biyu. Katakon gaba ne zai hau buhu, bututu kada ya taɓa komai. Leƙa ta cikin bututu har ka ga baƙin ɗigon kwali a tsakiya, sannan ka murɗa madubi har gicciyensa ya hau ɗigon, ba tare da bindigar ta motsa ba. Harba uku, ka yi gyara daga tsakiyar ramukan ukun. Mai bin rami ɗaya-ɗaya harsashi kawai yake ƙonawa.

Malam Kanikanci:
Gaskiya ne, Baba. Sai lissafin murɗi: duba rubutun da ke kan murfin abin murɗa madubin, za ka ga mrad ko MOA, wato ma'aunan kusurwa. In 0.1 mrad ne, kowane ƙas, wato murɗi ɗaya, santimita 1 ne a mita 100. In 1/4 MOA ne, kusan milimita 7. Misali ramukan sun faɗi santimita 8 hagu, 5 ƙasa: a na farko ƙas 8 wajen R (dama), 5 wajen UP (sama), a na biyu kusan 11 da 7. A mita 25 kuwa sai ka ninka yawan ƙas sau 4, nan mutane da yawa ke ruɗewa su ce madubi ya lalace.

Amma kafin duk wannan a taɓa notocin ƙawanyar da ke riƙe madubi a kan bindiga. In sun yi sako-sako, madubi yana zamewa da kowane harbi. In an ɗaure su fiye da kima, jikinsa ya lotse, murɗi ya daina aiki daidai.

Na Gobir:
Ku ƙara da yanayinmu na Maradi. A watan Afrilu zafi na wuce digiri 40, da rana ta take sai ka ga kwali yana rawa cikin madubi. A je da sassafe, kafin iska ta taso. Bayan kowane harbi uku a bar bututu ya huce, don in ya yi zafi ramuka watsewa suke. Kuma da harsashin da aka yi saiti, da shi za a ci gaba. An canza nauyi ko kamfani, sai an sake gwaji.