Tambaya: W 2 a gindin tsohon gidan reza na Gillette, 1951 ne da gaske?

Sabon_Shiga:
Salam jama'a. Dan Allah masu tara tsofaffin gidajen reza a taimaka min. Na samo guda biyu na Gillette, na farko mariƙinsa baƙi ne, yana da wani zobe da ake murɗawa mai lamba 1 zuwa 9, kuma in ka murɗa gindinsa kan ya buɗe gida biyu ka saka reza. A ƙarƙashin kan an buga W gefe ɗaya, 2 ɗaya gefen. Wanda ya sayar min ya rantse na 1951 ne wai W ɗin kenan. Na biyun kuma mai haƙora ne kamar matsefi, babu harafi ko ɗaya sai dai rubutun NOV 15 1904, to shi kenan na 1904 ne? Sannan a cikin akwatinsa akwai rezoji a naɗe a takarda da hoton wani mai gashin baki, ba a taɓa buɗe su ba, zan iya aski da su ko kuwa?

Dattijo_Mai_Tari:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa, barka da shigowa. Mai sayarwa ya faɗi rabin gaskiya ne kawai. W tana nufin 1951, haka ne, amma kuma tana nufin 1976, don haruffan zagayowa suke duk shekara 25 tunda an tsallake Q ba a amfani da ita. A ita ce 1955 ita ce kuma 1980, haka dai. Saboda haka harafi shi kaɗai ba ya yanke hukunci sai ka haɗa da ƙirar abin, kuma naka ya riga ya tona kansa, a 1951 Gillette ba su da mai zoben lamba a kasuwa sam. Wanda ya yi suna da wannan zoben shi ne mai kauri da ake ce wa Fatboy, 1958 zuwa 1961, wato D, E, F, G, sai siririn Slim ya karɓe shi har 1968, sannan mai baƙin mariƙi irin naka, Super Adjustable, ya fito ƙarshen shekarun 1960. Kaga kenan naka na 1976 ne. Lambar 2 kuma shekara aka raba huɗu, 2 na nufin Afrilu zuwa Yuni.

Kar ranka ya ɓaci, abu ne mai kyau, aski yake yi lafiya lau, illa dai in an ɗora maka kuɗi da sunan 1951.

Na biyun kuma ka cire 1904 daga ranka tukuna. Wannan ranar da gwamnatin Amurka ta ba King Camp Gillette takardar mallakar fasahar ce, 15 ga Nuwamba 1904, kuma sun yi ta buga ta a jiki shekara da shekaru. Shi ne ma mai gashin bakin da ka gani a takardar rezar. Abin da za ka nema shi ne doguwar lamba, ka kwance shi ka duba farantin haƙoran da kuma bututun ciki, domin na farko-farkon suna da siriyal. In babu, to akwai yiwuwar bayan 1921 aka yi shi, lokacin da wa'adin mallakar ya ƙare suka fito da New Improved, shi kuma tsohon samfurin suka ci gaba da zubo shi da araha ba lamba.

Ummu_Tsatsa:
Baba Dattijo ya gama magana kan shekaru, ni dai rezojin nan ne suka tsaya min a rai. Dan Allah kar ka buɗe su!! Ƙarfen da ake yi da shi a da mai tsatsa ne, ba irin na yanzu ba, sai a 1962 Wilkinson Sword na Ingila suka girgiza kasuwa da wadda ba ta tsatsa. Ko da ka ga fuskarta tas, bakin ya riga ya ci, ido ba ya gani amma fatarka za ta gaya maka. Kuma darajarsu a rufe take, kana yage takardar shi kenan ta zama tsohon ƙarfe. Ka ɗaga ɗaya a haske ko ka shafa ta saman takardar, in ramuka uku ne zagayayyu to tsohon yanka ne na kafin 1930, in doguwar tsaga ce a tsakiya to daga 1930 ne zuwa sama. Kuma abin daɗin shi ne rezar yanzu mai baki biyu tana shiga duka biyun naka ba matsala.

Injiniya_77:
Ni kam ban yarda da cewa duk tsohuwar reza ta mutu ba Hajiya, waɗanda ba sa tsatsa na shekarun 1960 da 1970 mutane na aski da su har yau, wasu ma sun fi son su. Amma tsofaffin masu tsatsa, irin masu launin shuɗi da masu rami uku, na yarda, a bar su a takarda.

Wani abu da ba a faɗa ba kuma shi ya fi rikita sababbin shiga: tsakanin 1930 da 1950 yawancin gidajen rezar ba su da siriyal ba su da harafi, a jikin rezojin ne ake buga harafin tun 1930, daga baya aka ɗauko tsarin aka mayar kan gidan. To samfuran Gillette irin su NEW da Tech na farko da Super Speed na 1947 sai dai ka bi ƙira da akwati da takardar ciki. Haka waɗanda aka rubuta Made in England, yawancinsu ba harafi. Kuma kar a dogara da rezar da aka tarar a akwati wajen sa wa gida shekara, wanda ya yi aski da abu shekara talatin ai ya canza reza ba adadi, masu sayarwa ma haɗe-haɗe suke, kan wannan mariƙin wancan akwatin wani, su ce cikakken saiti ne.

Wajen wanki, ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori sun isa. Kar ka sa bilic, kar ka dirje da soson ƙarfe, tagulla ce a ciki aka yi mata rufi siriri, kana gogewa za ta fito ja. Mai haƙoran nan kuma ka duba mariƙinsa da kyau, sun saba tsagewa a tsaye ta kusa da baki, in da tsaga kar ka ɗaure shi da ƙarfi.

Sabon_Shiga:
Allah ya saka da alheri, wlh na ƙaru. Na kwance mai haƙoran na duba ko'ina ba siriyal, kuma akwai 'yar tsaga kamar yadda Injiniya ya ce. Rezojin rami uku ne, na mayar da su akwati. Baƙin a lamba nawa zan fara?

Dattijo_Mai_Tari:
Fara da 3. Kuma ka ɗan sassauta gindin kafin ka murɗa zoben, sannan ka sake ɗaurewa, in ka murɗa shi a ɗaure kana wahalar da abin cikin ne.