Mutum 14 a Roma, daren Juma'a: ina za mu ci abinci tare?

Jama'a, don Allah a taimaka mana. Mu 14 ne, tara ba sa cin naman alade ba sa shan giya, biyar kuwa abokan aiki ne Italiyawa masu son farar giyar Frascati a tebur.

Abincin Roma ne ya ɗaure mu. Taliyar carbonara, amatriciana da gricia duk da guanciale ake yin su, wato kitsen kuncin alade. Saltimbocca ma, wato naman ɗan maraƙi, da prosciutto (busasshen naman cinyar alade) a kai, sannan a kan zuba giya a cikin kaskon. Cacio e pepe ne ya tsira, amma ba za a ciyar da mutum tara da taliya da cuku kaɗai ba.

Mun so gidajen abincin kosher (mai bin ƙa'idar addinin Yahudawa) na unguwar Yahudawa, wajen Portico d'Ottavia, inda babu alade kuma akwai carciofi alla giudia, wato soyayyen kayan lambun artichoke. Sai dai suna rufewa daren Juma'a saboda Asabar ɗinsu.

To, gidan kifi ya fi? Kuma idan za a yi mana menù fisso, wato tsayayyen jerin abincin da aka shirya tun farko, ya wadatar a ce "senza maiale, senza vino" (ba alade, ba giya) a waya, ko sai an aika wa mai dafawa a rubuce?