Shekara huɗu ina bin shanu, ambato uku na samu

Ɗan Adar, Tawa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya ina cika takardar neman tallafin bincike, sai na iske wani gurbi da aka ce in rubuta h-index ɗina da yawan waɗanda suka ambaci aikina. Na buɗe Google Scholar, shafin da ke ƙirga ambaton ayyukan bincike, gabana na faɗuwa. Maƙala biyar, ambato goma sha ɗaya, h-index 2. Ga wanda bai sani ba, ma'anar 2 ɗin ita ce ina da maƙala biyu da aka ambaci kowace aƙalla sau biyu. Wani masanin fiziks a Kaliforniya, Jorge Hirsch, shi ya ƙirƙiro wannan awo a 2005, yau ga shi ya biyo ni har Tawa.

Abin da ya fi ci mini rai ita ce maƙalar da na fi shan wuya a kanta. Shekara huɗu ina bin shanun Azawak a wajen Abalak, ina rubuta tazarar da ke tsakanin haihuwa da haihuwa. Ambato uku ta samu, ɗaya daga ciki ma ni ne na ambaci kaina. Wa ya taɓa shiga wannan hali? Yaya kuka yi?

Likitar bisashe, Yamai:

Ƙanena, da wane harshe ka rubuta ta? Ni nan na ci tuntuɓe. Aikina na farko kan jar akuyar Maraɗi da Faransanci na fitar da shi, a Revue d'élevage et de médecine vétérinaire des pays tropicaux, mujalla mai daraja da take fitowa tun 1947. Aiki ne mai kyau, amma shiru kamar an shuka dusa. Na biyun na daure na yi da Ingilishi, wata ƙawata ta gyara mini nahawu. Can sai na lura da wani abu: akuyar da muke ce wa ta Maraɗi, 'yan uwanmu na Sakkwato da Zariya da sunan Red Sokoto suke nemanta a intanet. Akuya ɗaya, iyaka ta raba mata suna. Da na saka sunayen biyu a kanun maƙalar da cikin kalmomin nema, sai ambato ya fara shigowa daga Najeriya, daga baya har Birazil da Indiya. Ba wai na biyun ya fi na farko inganci ba, a gaskiya na farkon ya fi yawan awaki.

Tsohon malami, Yamai:

Ɗana, sannu da ƙoƙari. Mu da muka yi karatu a makarantar likitancin dabbobi ta Dakar ba mu san wannan lissafi ba. Dosiye muke haɗawa, mu ɗaure a kwali, a kai CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a don ƙarin girma, a Wagadugu, mu zauna jiran sakamako. Ita CAMES ɗin ma, don ka sani, a nan Yamai aka yanke shawarar kafa ta a 1968. Ana duba yawan abin da ka wallafa da inda sunanka ya faɗo a jerin marubuta. Wa ya karanta, wa ya ambata, wannan ba ya cikin zance a lokacinmu.

Amma ga abin da nake so ka riƙe. Ɓeran da ake gwaji da shi mako uku yake ɗaukar ciki. Saniya wata tara da 'yan kwanaki. Kafin ka ga haihuwa biyu a jere wurin saniyar makiyayi, da rani a tsakani, an doshi shekara biyu, wani lokaci a wuce. Idan ta nemi bijimi ka kuskure, sai ka jira kwana 21. Shanunmu masu tozo kuwa nemansu gajere ne, 'yan sa'o'i, kuma yawanci cikin dare, wata ma ba za ta nuna alama ba sam. Na sha kwana a garke da fitilar hannu, sauro na cin ƙafata, ina jiran in ga wace karsana za ta tsaya a hau ta. Kafin in sami layi ɗaya a littafina, mai ɓeraye ya ga jikokin ɓerayensa. Sai a zo a jera lambarka da tasa a takarda ɗaya.

Ka je Tukunus, kusa da Filinge, inda ake zaɓen irin Azawak tun 1954, ka ga rajistar haihuwa da aka cika da hannu shekara da shekaru. Duk wanda ya rubuta wani abu mai ma'ana kan wannan saniya, da guminsu ya rubuta, su kuwa masu rajistar babu mai lamba ko ɗaya a cikinsu.

Mai ɗura wa shanu iri:

Malam ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni ba dokta ba ne, ma'aikaci ne. Wata shekara wasu baƙi suka zo daga waje da aikin barbarar zamani. Ni na ɗauki tulun nitrojin a bayan mota, wanda ake ajiye maniyyin bijimi a ciki cikin sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ina addu'a kada ya ƙafe kafin mu isa. Ni na yi wa shanun allura biyu, kwana 11 a tsakani, don su nemi bijimi lokaci guda. Ni na zura hannu har kafaɗa ta duburar saniya ina laluben bakin mahaifa, kashi na bin hannun rigata, wata jar saniya ta take mini ƙafa har farce ya fita. Bayan wata biyu ni na koma na lalubo masu ciki da marasa ciki, na aika musu da lissafi.

Maƙala ta fito da sunaye bakwai. Nawa yana can ƙasa wurin godiya, kuma ba a ma rubuta shi daidai ba. An ce an ambace ta da yawa, Allah ya sa albarka. Yanzu duk wanda ya zo da aiki, kafin in sa safar hannu sai mun yi maganar suna, a rubuce.

Ɗalibar dokta, Yamai:

Kai, Baba, wannan ta yi zafi. Ni kuwa wautar kaina ce. Ina matse da buƙatar maƙala kafin in kare kundina, sai ga saƙo daga wata mujalla mai dogon suna, suna ta yabona kamar sun san ni. Na tura aikina kan ɓarin tumaki. Kwana huɗu suka ce an karɓa, ko waƙafi ba a gyara ba. Na biya da kuɗin da na tara na bursu. Da na nuna wa malamina sai ya riƙe kai, ya ce mujallar da ba ta wahalar da ke ba, ba ta karanta ki ba. Ba ta cikin Scopus, rumbun mujallun da aka tantance, kuma aikin ya ƙone ke nan, ba ni da damar kai shi wani wuri.

Yaya Ɗan Adar, ka kuma duba yadda ake rubuta sunanka. Ni na iske kaina kashi uku, wani wuri sunan mahaifina ne a gaba, wani wuri nawa, wani wuri an haɗiye harafi. Na buɗe lambar ORCID, lambar shaida ta mai bincike, kyauta ce, na haɗe su, sai ga ambato biyu da ban san da su ba.

Mai binciken raƙuma, Tawa:

Ku yi haƙuri, ni zan ɗan saɓa. Lambar tana da zalunci, na yarda, amma ba ita ta hana mu rubutu ba. Kundaye nawa ne ke kwance cikin kabad a ofisoshinmu, gara na ci, ba a taɓa mayar da ko ɗaya maƙala ba? Wa zai ambaci abin da bai gani ba? Taguwa wata goma sha uku take ɗaukar ciki, ta fi saniyarku jinkiri, kuma ba ta sakin ƙwai sai amale ya hau ta. Duk da haka na wallafa ɗan abin da na samu, kuma masu raƙuma na Saudiyya da Masar sun ambace ni, don masu wannan fanni ba su da yawa, kowa na neman kowa. Mujallar Theriogenology ta dawo mini da aiki sau biyu. Na biyun shafi uku na gyara suka haɗo mini, na kwana biyu ba na son ganin kwamfuta, amma abin da suka faɗa kan ƙarancin dabbobin da na auna gaskiya ne. Na gyara na kai mujallar Tropical Animal Health and Production, ta shiga.

Likitar bisashe, Yamai:

Haka ne Malam, sai dai a faɗa wa yara cewa shirin AGORA na FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, yana buɗe wa cibiyoyin ƙasashe irin namu mujallu kyauta. Da yawa ba su ma san ana tambayar kalmar sirrin a laburare ba.

Ɗan Adar, Tawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na rubuta 2 a gurbin, ban ƙara ban rage ba, a ƙasa kuma na yi layi biyu na bayyana shekarun da bin shanun ya ci. Yaya, da Faransanci na rubuta ta, kin canka daidai. Ina da bayanan shekara biyu da ban taɓa fitarwa ba, zan gwada su da Ingilishi, idan ƙawar taki tana nan ki haɗa mu. Baba mai ɗura iri, ka sa na ji kunya: yaron da ya riƙa rubuta mini ranakun haihuwa a Abalak, a wurin godiya ni ma na sa shi. Wannan karon sunansa zai hau sama.

Alhamis zan koma can. Mai garken ya kira ni jiya, ya ce farar nan mai karyayyen ƙaho nononta ya cika, ba za ta wuce mako ba.